Asibiti: Har Yaushe Tambayar Talaka Za Ta Ci Gaba Da Zama Laifi?

Mutumin Badawa ba zai ce ba shi da asibiti a kusa ba. Ga asibitin Nassarawa, wanda ake kira Muhammad Abdullahi Wase, ga na Sir Sanusi ta wajen 'Yankaba, ga na Giginyu da aka buɗe a watan Disambar 2017, ban da asibitocin kuɗi da ke cikin layukan GRA. Tafiyar a daidaita sahu ce ta 'yan mintoci. To amma duk da haka, a gidaje da yawa na unguwar, idan yaro ya kwana da zazzaɓi kemis ake fara nufa, daga nan sai mai maganin gargajiya, asibiti kuwa sai ranar da jiki ya rikice, aka ga babu makawa. Idan aka tambayi magidanci dalili zai ce babu kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Idan aka ɗan matsa masa sai ya faɗi ɗaya dalilin, wato tsoron wulaƙanci.

Ba wani asibiti guda ake nufi a nan ba, domin abin ya zama ruwan dare a ƙasar baki ɗaya. Duk matashin da ya taɓa raka mahaifiyarsa ganin likita ya san yadda ranar take tafiya. Da an idar da sallar Asuba ake fita don a kama layin kati. Mai yankan kati sai ya ga dama zai buɗe tagarsa, in ya buɗe kuma ba ya ɗaga kai ya dubi wanda ke gabansa. A ce fayil ya ɓace, a koma a sake sayen wani. A zauna a kan benci har hantsi ya dubi ludayi, sai kawai a ga wani mai babbar riga ya zo da direbansa, masinja ya tare shi da rawar jiki ya shigar da shi ta gaban mutanen da suka yi awa huɗu suna jira. Idan wani ya yi magana, maigadi ya ce ya yi shiru ko ya fita waje.

Bayan duk wannan wahala, idan Allah Ya sa an shiga wajen likita, kafin tsohuwa ta gama faɗin inda ke yi mata ciwo har an gama rubuta takarda an miƙo. Ɗanta ya rusuna ya ce, ranka ya daɗe, me ke damunta ne? Amsar da zai samu sananniya ce: kai ne likitan ko ni? Shi ke nan, sai su fito da takarda mai rubutun da babu mai iya karantawa sai mai kemis, ba su san sunan ciwon ba, ba su san ko maganin na kwana uku ne ko na har abada ba, ba su san abin da za ta ci da wanda za ta bari ba. Abin da ake ji daga ɗakin haihuwa kuwa ya fi wannan muni, inda matar da ke tsakanin rai da mutuwa za a daka mata tsawa, a gaya mata maganar da ba ta faɗuwa a jarida, alhali mijinta yana waje yana zagayen neman safar hannu da auduga da ledar jini.

Layi da jira da tsadar magani duk abubuwa ne masu ciwo, amma wanda ya fi kowanne haɗari shi ne wannan ɗabi'a ta ɗaukar tambayar mara lafiya a matsayin rashin kunya. Jama'a da yawa suna ganin ƙaramin abu ne, halin wasu ma'aikata ne kawai, a yi haƙuri a wuce. Mutanen Kano kuwa su ne na ƙarshe da ya kamata su raina wannan lamari, domin sun ga inda yake kaiwa.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da IDH, ya cika ya batse da yara. A cikin wannan hali ne ma'aikatan kamfanin Pfizer na ƙasar Amurka suka sauka da wani sabon magani mai suna Trovan, suka ɗebi yara kimanin 200, suka ba rabi sabon maganin, ɗaya rabin kuma suka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Yara 11 suka rasu, biyar a cikin waɗanda suka sha Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma ya nemi yardar iyaye da baki. Su kuwa iyayen sun ce babu wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi a kan 'ya'yansu, babu kuma wanda ya gaya musu cewa a cikin harabar asibitin nan ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka riga aka amince da shi kyauta.

Sai a watan Disambar 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta tona maganar. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya gama aikinsa a 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma aka danne rahoton, bai fito fili ba sai a 2006. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shekara 15 bayan an binne 'ya'yansu. Shi kansa Trovan ɗin, tun a 1999 ƙasashen Turai suka dakatar da shi, Amurka kuma ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya baƙi za su zo daga wata uwa duniya su yi wannan aiki a kan yara 200 cikin 'yan makonni, su tattara kayansu su tafi, ba a ji ko uba ɗaya ya tsayar da su ba? Amsar ita ce sun tarar da ƙasa a share. Sun tarar da mutanen da aka riga aka horar, shekara da shekaru, a kan cewa idan mai farar riga ya ce miƙo hannu sai a miƙa, idan ya ce haɗiye sai a haɗiye. Uban da aka saba yi wa tsawa don ya tambayi sunan ƙwayar zazzaɓi, ina zai sami bakin tambayar Bature abin da yake ɗura wa ɗansa? Tsawar da ake yi a tagar kati da abin da ya faru a IDH, tushensu guda ne, wato ganin cewa talaka bai cancanci a yi masa bayani ba.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a 1996 ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano saboda zargin da ya bazu cewa akwai wata cuta a cikinsa, kuma labarin Trovan na cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, bayan cutar ta nakasa yara da yawa, ta kuma tsallaka zuwa wasu ƙasashe, daga baya ma har ta kai masu nisa irin su Yaman da Indonesiya. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a waɗancan shekaru yau samari ne, wasunsu suna nan a kan kekunan guragu a titunan Kano. Su ne suka biya kuɗin amanar da wasu suka ci.

Abin takaici shi ne, yawancin masu shan wannan wulaƙanci ba su san cewa hatta dokar ƙasar da mahukunta suka rubuta da hannunsu tana bayansu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa mai duba mara lafiya ya gaya masa halin da jikinsa ke ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da haɗarin kowace da kuɗinta, da kuma cewa yana da ikon ya ƙi. Dokar ta ƙara da cewa a yi masa bayanin da harshen da yake ji, a kuma lura da ko ya yi karatu ko bai yi ba. Wato likitan da ya zuba wa tsohuwar Badawa Turanci ya sallame ta bai sauke nauyin da ke kansa ba. Sashe na 20 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane irin dalili, wanda ya saɓa kuwa akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta ce a karɓi wanda aka harba da bindiga a yi masa magani ko da babu takardar 'yan sanda. A watan Yulin 2018 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya, wanda ya ƙunshi a mutunta shi, a rufa masa asirin ciwonsa, a fayyace masa lissafin kuɗinsa, a kuma saurari kokensa. Duk waɗannan suna nan a rubuce. Amma dokar da mai ita bai san da ita ba, da ita da babu duk ɗaya ne a gaban tagar kati.

To sai dai adalci ya wajaba, ko da a kan wanda ake kuka da shi. Akwai likitoci da malaman jinya a garin nan masu tsoron Allah, waɗanda ke cire kuɗi daga aljihunsu su saya wa maraya magani, waɗanda ke kwana a tsaye ba tare da wani ya ce musu sannu ba. Wanda ma ke yin tsawar, sau da yawa shi kaɗai ne a kan layin da ya kamata a ce mutum biyar ke dubawa. A 2025 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Aikin da suka bari a kan waɗanda suka rage ya faɗa. Tun a watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, yawancin shekaru ma ko rabinsa ba ta kaiwa. Shi ya sa sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye.

Su kuwa masu yanke wannan kasafi ba sa bin layin kati. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi a 2009. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, a shekarar nan ta 2017 da ya zo ya buɗe asibitin Giginyu, ya yi sama da kwana 100 a tafiya guda yana jinya a Landan, a can kuma ya rasu a watan Yulin 2025. A watan Oktoban 2017 uwargidansa, Hajiya A'isha, ta fito fili ta koka cewa asibitin fadar shugaban ƙasa ba shi da ko sirinji, na'urar ɗaukar hotonsa kuma ba ta aiki. Idan haka asibitin fada yake, me ake tsammani a inda talaka ke zuwa? Saboda haka wanda ya tattara fushinsa kacokan ya juye a kan malamar jinyar da ta kwana ba ta runtsa ba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Amma fa wannan uzuri yana da iyaka. Ƙarancin ma'aikata zai iya zama dalilin dogon layi, ba zai taɓa zama dalilin zagin mace mai naƙuda ba. Faɗa wa tsohuwa sunan ciwonta da Hausa bai fi minti biyu ba, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Abin da ke tabbatar da haka shi ne, ma'aikacin da ya ɗaure fuska da safe a asibitin gwamnati, sau da yawa shi ne za a tarar da yamma a asibitin kuɗi yana murmushi yana cewa sannu Hajiya, ina ke miki ciwo? Ashe dai ya iya. Kuɗi ne ke buɗe masa baki, alhali kuwa da dukiyar jama'a aka gina makarantar da ta koyar da shi, a jikin talakawa kuma ya koyi aikin.

Magabata ba su ɗauki wannan sana'a da wasa ba. Tarihi ya nuna cewa a shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani mutum daga cikin talakawa ya mutu saboda kuskuren likita. Nan take ya ba da umarni a hana kowa yin aikin likita sai wanda babban likita Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi izini, aka kuma jarraba likitoci sama da 800 a birnin. Ran mutum ɗaya, wanda tarihi ko sunansa bai riƙe ba, ya isa a tankaɗe likitocin gari guda. A Kano kuwa yara 11 suka mutu, rahoton binciken ya yi shekara biyar a cikin durowa.

To mene ne abin yi? Nan ne nauyi ya hau kan matasa, musamman waɗanda Allah Ya ba su karatun boko da na Islamiyya, domin su ne bakin iyayensu. Bai dace saurayin da ya gama sakandare ya bar mahaifiyarsa ta tafi asibiti da ƙaramin yaro, shi kuma yana majalisa yana muhawara ba. Ya raka ta, ya tafi da biro da ɗan littafi. Kafin su tashi daga gaban likita ya yi tambayoyinsa cikin ladabi: mene ne sunan ciwon, yaya za a sha maganin kuma har zuwa yaushe, wace alama ce idan an gani za a dawo da gaggawa, nawa ne kuɗin. Ya rubuta amsar a gabansa. Duk kuɗin da ya biya ya nemi rasit. Idan an kawo takardar tiyata kada ya sa hannu, kada kuma ya bari a dangwala yatsan tsoho, sai an karanta an fassara. Idan an yi masa tsawa kada ya rama, ya sake maimaita tambayar a hankali. Yawancin masu tsawa suna sassautawa da zarar sun ga ana rubutawa.

Idan kuma an yi zalunci na zahiri, ya riƙe rana da lokaci da sashen da abin ya faru da sunan ma'aikacin, ya kai ƙara a rubuce, ya ajiye kwafi. Sashe na 30 na dokar 2014 ya ba kowa wannan dama. Akwai ofishin shugaban asibiti, a asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM, asibitocin jiha suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano, na kuɗi kuma akwai hukumar PHIMA da ke sa musu ido. Idan sakacin likita ne ya jawo nakasa ko rasa rai, majalisar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, tana da ikon dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista. Wani zai ce ai ba za a yi komai ba. Mai yiwuwa ne a yi watsi da takarda ɗaya, amma takarda talatin daga unguwa guda a kan taga guda ba ta ɓoyuwa. Cewa an bar wa Allah ba ya hana neman haƙƙi, kuma wanda ya yi shiru ya bar ramin a buɗe ne ga wanda ke bayansa a layi.

Abin da bai halatta ba shi ne ɗaga hannu. An sha jin 'yan'uwan mamaci sun far wa likita ko malamar jinya da duka. Wannan zalunci ne, kuma sakamakonsa ma'aikata su janye aiki, marasa lafiyar da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su kwana babu mai duba su. Dokar nan ta 2014 ma ta ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu. Mai neman a mutunta mahaifiyarsa ya tuna cewa wadda ke cikin farar rigar ita ma mahaifiyar wani ce.

Sannan kowa ya duba nasa laifin. Matashin da ke zagin masu alfarma, amma ranar da ya je asibiti sai ya kira wani ɗan unguwarsu da ke aiki a ciki don a tsallakar da shi layi, ya sani cewa haƙƙin wani mai rauni ya taka. Wanda ke ɓoye wa likita irin jiƙe-jiƙen da aka ba mara lafiya a gida, ya taimaka wajen kuskuren da zai zo yana kuka da shi. Wanda ke ƙorafin cewa namiji ne ya duba matarsa, amma ya hana ƙanwarsa karatun ungozoma, shi ma yana da kaso a cikin matsalar. Matasan da ke da lafiya su riƙa ba da jini tun kafin a nema, su tsara ziyarar marasa lafiyar da ba su da kowa, domin ma'aikaci yakan yi taka-tsantsan da gadon da ya ga ana leƙowa. Waɗanda kuma ke karatun likita ko na jinya a yanzu, su riƙe ranar da aka yi wa iyayensu tsawa a ransu, don kada gobe su zama masu yi wa iyayen wasu.

Iyayen yaran 1996 ba su sami wanda zai tsaya a gefensu ya ce a dakata, wane magani ne wannan, ba. Yau kuwa da wuya a sami layi a Badawa da babu saurayin da ya iya karatu da rubutu. Idan har aka sake yi wa wata tsohuwa aikin da ba ta san kansa ba, ko aka sallame ta da takardar da ba a fassara mata ba, to za a tambayi ma'aikacin da ya yi, za a tambayi mahukuntan da suka bar asibitin a haka, za a kuma tambayi ɗanta inda yake a ranar.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa ma'aikatan da suka riƙe amana da alheri, Ya shiryi masu wulaƙanta bayinSa, amin.